Tsutsar Zare da Hannu Mai Rawa

Tun ranar da Fintan ya juya kujerarsa ta ba taga baya, Nuala ta gane cewa abin da likita ya faɗa ba shi ne mafi muni ba.

Likitan na Galway ya ce ciwon rawar jiki ne, ba ya warkewa amma ba ya gaggawa, mutum kan daɗe da shi yana harkokinsa. Ya ba da ƙwayoyi, Fintan ya karɓa ba musu. Sai dai da suka dawo gida, ya kama kujerar nan da tun aurensu take fuskantar tafkin Corrib, ya ja ta da ƙyar har ta fuskanci murhu. Daga ranar bai ƙara duban ruwa ba. Mutumin da in ya farka, kafin ya ce wa matarsa ina kwana sai ya leƙa ya ga inda iska ta dosa!

Sanyi ya zo ya wuce a haka. Watan Maris ya kama, ƙudan agwagwa ya fara fita. Ɗan baƙin ƙwaro ne mai kama da sauro, sai dai ba ya cizo. Yana tasowa daga lakar ƙasan tafki yana tsutsa siririya, ya rataya a ƙarƙashin fatar ruwa yana jiran ya fashe ya yi fiffike, kuma a daidai wannan jiran ne kifin tirawut, da yunwar sanyi ta gama gallabarsa, ke zuwa ya tsince shi. A irin wannan lokaci babu namijin da ke zama a gida a ƙauyen. Ko limamin coci gajarta huɗuba yake yi.

Ana nan sai ga Lorcan, abokin jirginsa tun suna samari, wanda shi ya yi masa abokin ango. Ya shigo ba sallama kamar yadda ya saba, hularsa duk ƙwari sun manne.

"Matarmu, a ba ni shayi," ya ce da Nuala. "Kai kuma gawa, tashi. Sun fito a bayan tsibiri kamar hayaƙi. Na ga wani kifi yau, na rantse bayansa ya kai faɗin ƙofar nan."

"Kifinka kullum a baki yake girma," in ji Fintan, idonsa na kan wuta. Ya tura hannun damansa ƙarƙashin cinya don kada a ga yadda yake kaɗawa. "Ka ɗauro tirelarka a bayan mota ka zo ranar Asabar ka ɗauki jirgin. Ka ba surukinka, ya daɗe yana so."

Lorcan ya yi dariya, ya jira a taya shi. Ba wanda ya taya shi.

"Haba Fintan. Jirgin da ubanka ya sassaƙa?"

"Katako ne. In ya zauna zai ruɓe."

Nuala na tsaye da butar shayi, ta ji zafinta a tafin hannu amma ta kasa ajiyewa. Ta taɓa ganin irin wannan. Mahaifinta ya ba da tumakinsa da karensa a wata kaka, ya ce hutawa zai yi, bai ga fitowar ciyawa ba. Ta san in jirgin nan ya hau tirela ya bi hanya, mijinta zai bi bayansa, ba a ranar ba, amma a hankali, daga kujera zuwa gado. Ita kuwa ba ta taɓa son tafkin ba. Tsoron ruwa take yi, kuma ya cinye mata ranakun Lahadi da ba su ƙirguwa. Amma a wannan yammacin ta tsaya a taga ta dube shi kamar mai roƙon maƙwabcin da suka daɗe ba sa ga-maciji.

Washegari da hantsi ta sauko da akwatin kayansa na ɗaura tsutsar zare, wadda ake yaudarar kifi da ita, daga kan kabad, ta kaɗe ƙura, ta baje a teburin kicin, daidai inda ba yadda za a yi mai zaune a gaban murhu ya ƙi gani. Ta ɗaure ɗan maƙalin ƙarfen da ke riƙe ƙugiya a bakin tebur, ta sa masa ƙugiya ƙarama wadda ba ta kai farcen ɗan yatsanta ba. Duk rayuwarta rigunan amare take ɗinkawa, zare ba baƙonta ba ne. Ta fara naɗawa.

Ta naɗa, ta ƙara, ta koma ta ƙara, don a ganinta abin ya cika rama, kifin kirki ba zai wahalar da kansa a kan wannan ba. Can ta ɗago ta ga muƙamuƙin Fintan na motsi kamar mai tauna tsakuwa. A nan ta gane ta yi kuskure, a nan kuma ta gane kuskuren ne zai yi mata aiki. Sai ta ƙara masa wani layin zaren da gangan.

"Mene ne wannan?" ya ce daga ƙarshe.

"Tsutsa."

"Tsutsa ko dankali?"

"Baban Dervla, ka ji da wutarka. Lorcan zan ba."

"Ki ba Lorcan wannan daga gidana? Ya zagaya da shi mashaya yana nuna wa mutane?" Ya dafa hannun kujera. "Kin ɗura masa abinci kamar jikanki ya zo hutu. Warware. Warware duka, na ce!"

Ta warware, tana cije leɓe don kada murmushi ya tona mata asiri. Ba ta ɗaga kai ba sa'ad da ta ji jan ƙafarsa a daɓe, ba ta kuma tashi ta taimaka masa ba da ya jawo kujerar cin abinci ya zauna a gefenta, ko da yake duk jikinta so yake ta tashi.

"Baƙin zare, layi ɗaya tak, kowane zagaye ya taɓa ɗan'uwansa. Siririya ake so, kamar wadda ta yi jinya. Yauwa. Yanzu wayar azurfa, ki ba ta tazara. A'a, ba kwalliyar amarya ba ce, gaɓoɓi ne. Ki ɗan kumbura wajen kai. Kaɗan! Ke ba ki san kaɗan ba?"

Ya sa ta yanko siraran zirin leda biyu daga wata tsohuwar ledar soyayyen dankali mai ruwan goro da ya adana a akwatin, ta ɗaura su a gefe da gefen kan kamar kumatu. Ya ce a nan jini ke taruwa in fiffike ya kusa fita, kuma shi kifi ke hange. Sannan ya lalubo wata 'yar kwalba daga ƙasan akwatin, ya tura mata yana kau da kai.

Jan farce ne marar launi. Nuala ta juya kwalbar a hannu.

"Wannan ai nawa ne."

"Na ara."

"Ka ara." Ta dube shi. "Fintan, tun kafin a haifi Dervla nake sayen wannan abin ina ajiyewa a gaban madubi. Ka taɓa ganin na shafa a farcena ko sau ɗaya?"

Kunnuwansa suka yi ja kamar na saurayin da ya taɓa tsayawa a ƙofar gidansu da hula a hannu, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi.

Da ta shafe tsutsar ta bushe, sai ta fito tana sheƙi, siririya, lanƙwasasshiya, kamar yanzu za ta motsa. Fintan ya daɗe yana kallonta ta cikin tabarau.

"Ta yi," ya ce a hankali. "Ta fi nawa ma. Ki kai wa Lorcan."

"Kai fa?"

"Kin san ni. Ban taɓa jefa abin da wani ya ɗaura ba."

Ta sani. Duk tafkin an sani. Ko a gasa, ko kifi na cin na kowa yana ƙin nasa, Fintan bai taɓa karɓar ƙwaron zare daga hannun wani ba. Yakan ce wanda ya yaudari kifi da aikin wani, ɗan aike ne kawai. A da ana yi masa dariya a kan wannan, yana jin daɗi. Yanzu maganar ta zama ƙofar da ya kulle kansa a bayanta.

Nuala ta tashi. Ta sa sabuwar ƙugiya a maƙali, ta zagaya bayansa, ta sunkuya har kumatunta ya taɓa furfurarsa, ta kama wuyan hannayensa biyu.

"Ɗauki zaren."

"Nuala, bari."

"Ɗauki zaren, tsoho. Ni riƙewa kawai zan yi. Ai maƙalin ma riƙewa yake yi, ba ka taɓa cewa shi ya ɗaura maka ba."

Ta ji rawar tana ratsa tafukanta kamar ta kama tsuntsu mai rai. Ba ta tsayar da ita ba, ba mai iya tsayar da ita, ta dai rage mata faɗi. Zaren ya tsinke, suka sake. Ya sake tsinkewa, Fintan ya yi wata ashar da ba ta ji daga bakinsa ba tun kaka, ta ji daɗinta kamar waƙa. Abin da suka samu a ƙarshe karkatacce ne, kumatu ɗaya ya fi ɗaya, jan farcen ya taru a gindi ya yi ɗigo.

"Mummuna," in ji Fintan.

"Amma taka ce."

Sannan ya ce, "Sau ɗaya. Ranar Asabar da safe, in yi sallama da ruwan. In mun dawo Lorcan ya ɗora jirgin."

Asabar ta zo da lumshi da 'yar iska mai laushi, irin ranar da masunta ke roƙo. Lorcan ya ajiye tirela a bakin gaɓa, ya ga Nuala ta fito da rigar ruwan mijinta har gwiwa, ya riƙe baki.

"Matarmu, ke ce? Yau kifi zai ga abin da bai taɓa gani ba."

"Ka tuƙa a hankali, in ba haka ba a hularka zan yi amai."

Suka shiga wani lungu a bayan tsibiri, Lorcan ya kashe inji ya bar jirgin yana tafiya da iska a gicciye. Ƙwari na tashi daga ruwa, ɓawonsu na yawo a sama kamar ƙaiƙayi. Can da can sai ka ga bayan kifi ya ɗan ɓullo ya nutse ba ko ƙara. Nuala ce ta ƙulla tsutsar a bakin siririn zaren fatsa, da irin ƙullin da ya kwatanta mata. Ta riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya.

Fintan ya ɗaga sanda ya jefa. Igiyar ta faɗo a tattare, kusa da jirgi, kamar an zubar da taliya. Shi da a da ake tsayar da jirage a kalli jifarsa. Ya sake, ba ta fi ta farko ba. Lorcan ya kau da kai ya shiga gyaran abin da bai lalace ba, ya ce da murya mai taushi, "Ba laifi, ai suna kusa."

Nuala ta ga yadda maganar ta sauka a kafaɗun mijinta. Ta miƙa ƙafa ta taka ta Lorcan da ƙarfi.

"Zage shi mana," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tausayin nan naka ne zai kashe shi."

Lorcan ya dube ta, ya haɗiyi yawu, ya gyara murya.

"Kai Fintan! Wannan jifa ce ko shanya? Kakata da ta makance ta fi ka, kuma ita da igiyar wanki take yi."

"Kakarka ai ita ta koya maka ƙarya," in ji Fintan, kuma jifa ta uku ta miƙe, ba nisa, amma ta miƙe.

Kamun kifi da tsutsa aikin haƙuri ne. Ba a ja, ba a fizga. A jefa, a bar ta ta nutse kaɗan, a riƙe sanda cik, a riƙa tattara igiya a hankali kamar ba a so. Fintan ne ya koya wa rabin ƙauyen wannan: sanda ta mutu a hannunka, shi ne karatunsa. Ga ta Lorcan can a miƙe kamar an kafa ta. Tasa kuwa bakinta sai kaɗawa yake, yana zana ƙananan zobba a kan ruwa. Ya danne hannun da ɗaya hannun. Ya matse gindin sandar a ciki. Ba ta daina ba.

"Ba za ta tsaya ba," ya ce, ba da kowa yake ba. "Kun gani? Shi ya sa. Mu koma."

Nuala ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta, sai ta ga wata tsutsa ta gaske a jikin jirgin, a ƙarƙashin fatar ruwa, tana lanƙwashewa tana miƙewa, tana karkarwa ba hutu, duk jikinta na fama da abin da ke son fita daga cikinsa. Ta buɗe baki za ta ce ya duba.

Ba ta kai ga faɗa ba. Igiyar Fintan ta miƙe tsaf, sandar ta lanƙwashe har hannu, faifan igiyar ya saki ƙara.

"Maguɗi!" Lorcan ya daka tsawa yana nannaɗe tasa igiyar. "Maguɗi ne wannan! Mutum ya zo da inji a hannu yana yi wa tsutsa rawa, mu muna zaune kamar gumaka!"

Kifin ya yi tsalle, Nuala ta ga gefensa ruwan zinariya da ɗigo-ɗigon ja, faɗinsa ya kusa gaskata ƙaryar Lorcan. Fintan ya miƙe tsaye. Ya manta da hannunsa, ya manta da likita, yana ba da igiya yana karɓa, yana yi wa kifin magana kamar doki. Iska kuwa ta yi ta tura su wajen duwatsun tsibiri, dole Lorcan ya kama filafilai biyu yana riƙe jirgin.

"Matarmu, koma! Ɗauki komar, hannuna a cike yake!"

Ta ɗauka. Ba ta taɓa riƙe koma ba. Kifin ya gaji, ya kwanta a gefe, Fintan na jawo shi sannu-sannu, ga tsutsarsu karkatacciya a gefen bakinsa, tana ganinta ƙuru-ƙuru. Zuciyarta ta ce mata yanzu, kafin hannunsa ya gaza, kafin a rasa. Ta kai sura da dukkan ƙarfinta.

Bakin komar ya daki siririn zaren. Wani ɗan sauti, ƙyas, kamar an karya tsinke. Kifin ya tsaya jim a ruwa kamar bai yarda ba, sannan ya kaɗa wutsiya ya nutse.

Fintan ya koma ya zauna, guntun zaren na lilo a iska. Tsutsa ɗaya suka ɗaura, ga ta can ta tafi. Lorcan ya tayar da inji.

Duk hanyar komawa Nuala na kallon ƙeyar mijinta. Ta so ta ba shi abu ɗaya, ta kai shi har bakinsa, ta kuma fizge da hannunta. Hawaye na zubo mata, iska na busarwa, ba ta ko share ba. Da suka iso gaɓa Lorcan ya taimaka musu suka sauka, ya tsaya yana sosa ƙeya, da ya ga ba wanda ya ce komai sai ya tafi ya shiga mota, ya fara turo tirela da baya zuwa bakin ruwa.

"Baban Dervla," ta ce, "ka yafe..."

"Wa ya ce ki kai masa sura?" Ya juyo, fuskarsa ta yi jawur. "Shaho ce ke? Ana nutsar da koma ne a ruwa, a riƙe, a jira! Ni zan kawo miki shi, ta kai, ke ɗagawa kawai za ki yi! Kifi irin wannan! Rabona da irinsa tun Dervla na makaranta!"

Muryarsa ta tsallaka ruwa ta dawo. Agwagi suka tashi daga cikin ciyayi. Rabon da ta ji ya ɗaga murya haka tun kafin su je Galway, ta tsaya tana kallonsa baki buɗe.

Ƙarar tirela ta sa ya waiwaya.

"Kai kuma ina za ka da wannan?"

Lorcan ya leƙo ta taga. "Jirgin mana. Kai ka ce..."

"Kifi na yawo da tsutsata a baki, na san lungun da yake kwana, kai kana maganar jirgi? Surukinka ya sassaƙa nasa! Ja tarkacenka ka ba mutane wuri."

"Allah ya shirye ka, tsohon banza," in ji Lorcan. Ya daɗe yana fyace hanci a cikin motar kafin ya ja ta gaba.

Suka hau gangaren gida a hankali, yana dafe da kafaɗarta, bai fasa faɗa ba. Gobe za ta koyi riƙon koma a kan ciyawa, da takalmi a matsayin kifi, sai ta iya kafin ta sake taka masa jirgi. Kuma guda ɗaya wauta ce, ko yaro ya san ba a fita da tsutsa ɗaya. Za su ɗaura da yawa, wasu da kumatu ja. Hannunsa na rawa a kafaɗarta kamar kullum. Ciwon na nan, ta sani, ba inda ya je, kuma wata shekarar zai fi haka.

A kicin ya tsaya ya dubi teburin, ya dubi murhu.

"Nan ba haske. Ta yaya mutum zai ga zare a wannan duhun? Kama mini kujerar nan."

Suka ja ta tare zuwa taga. Ya zauna, ya ɗaga 'yar kwalbar jan farcen yana dubawa a hasken rana.

"Ya kusa ƙarewa."

"Akwai sabuwa a gaban madubi," in ji Nuala.

Ya riga ya karkata kai yana duban yadda iska ke kwantar da ciyayin bakin ruwa.

"Za ta juya kudu kafin safiya," ya ce. "Sa ƙugiya. Kuma don Allah, siririya."